Kabarin Masara

Kafanchan, 1973

Litinin, bayan la'asar, ƙarshen Sha'aban

Yau na sa wa masarar Malam adda. Da hannuna na sare karan farko, don kada gobe a ce wani ne ya zuga ni.

Ruwa ya ɗauke tun lokacinsa bai yi ba, ita kuwa shukar baya ce, ko an bar ta ba za ta nuna ba. Na ɓare goyo ɗaya na danna ƙwayar da farce yadda ya nuna mini. Ba ruwan nono ne ya fito ba, ba ta kuma yi tauri ba, ta yi kamar ƙullu. Ya ce a nan ake sara. In an yi gaggawa ruwa ya yi mata yawa ta ruɓe, in an yi nawa ta bushe ta ƙi dannuwa. A gonar shanun gwamnati ya ga ana yi shekarun da ya yi aiki can: a daddatsa masara ɗanya, kara da ganye da goyo, a danne a rami a rufe, da rani a buɗe wa shanu. Ya haƙa nasa ramin a tudun bayan gida. Bai gama gyara bakin ramin ba ciwo ya kayar da shi, aka fitar da shi a kan ƙyauren ɗaki zuwa tasha, sai asibitin Jos.

Abin da ya ce mini ran nan, da gefen bakin da ya rage masa, shi ne shanu. Ya huta, ya ce rami. Na ce to.

Shanun uku ne: Fara, da Guntuwa, da karsanar da ke da ciki, wadda ya ce ba zai sa mata suna ba sai ta haihu. Yadda ya bar su haka zai same su.

Talata, hantsi

Tanimu ya zo daga loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, da baƙin mai a hannu. Ƙanin Malam ne, tun ina amarya muke wasa da shi, shi ya sa na ɗauka yau ma wasan ne.

“Matar Yaya, me nake ji a gari? An ce kina yi wa masara kabari.”

Na ce, “Yayanka ya haƙa, ni likkafani kawai nake yankawa.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Shekarar da mutane ke sauka daga jirgin arewa da 'ya'ya a kafaɗa babu ko tukunya, ke kina binne abinci? Ko gasawa aka yi yara sun ci.”

Na ce na ware goyon da ya yi ido sosai, na aika wa baƙin da ke kwance a bayan tasha. Sauran ba na mutum ba ne, ba zai taɓa zama na mutum ba.

Ya ce shi kullum yana ganin taragun shanu masu tafiya kudu, yana ganin waɗanda ake jawowa waje da igiya a ƙafa. Bana babu ciyawar da za ta kai rani. Bayan Sallah zai kawo dillali a raba mu da su tun da sauran nama a jikinsu.

Ban ce masa a'a ba. Ban kuma ce masa to ba. “To” ɗina guda ne, na riga na bayar.

Laraba, bayan magariba

Magdalene maƙwabciyata ta zo da matan cocinsu shida, kowace da addarta. Ita 'yar Fadan Kagoma ce, katangar zana ce tsakaninmu shekara da shekaru, ita da tukwanen burkutunta, ni da allona, ba mu taɓa sa-in-sa ba sai a kan kaji.

Na ce a datsa gajeru, kamar gaɓar yatsa. Dogon kara yana ɓoye iska, iska kuwa ita ce abokiyar gaba. Na shimfiɗa tabarmi don kada ƙasa ta shiga ciki. Da aka zo shiga rami a tattaka sai na kawo buta da ƙwarya na ce kowa ta wanke ƙafa.

Magdalene ta riƙe ƙugu. “Mama Tasalla, sai mun yi alwala kafin mu shiga? Wannan mata zai musuluntar da mu a rami, Fada na coci bai sani ba!”

Na ce abinci ne, ko na dabba ne. Kuma ƙasa tana ɓata shi.

Suka wanke suna tsaki suna dariya. Suka shiga suna waƙa da yarensu suna tattakawa, a zuba a tattaka, a zuba a tattaka, har gefe-gefe da kusurwa. Ni ma na ɗaure zane na shiga. Ban yi waƙa ba, amma ƙafata ta bi kiɗan, Allah ya yafe mini.

Akwai waɗanda suka tsaya a hanya suna kallon matar Malam a rami. Su kalla.

Alhamis, azahar

Malam Andrawus, malamin gona, ya biyo a keke. Ya damƙi datsattsiyar masarar ya matse. Tafinsa ya jiƙe amma ruwa bai ɗiga ba. Ya ce, “Mama, wa ya koya miki? Daidai ke nan.” Na ce mai gidan.

Ya tambayi jikinsa. Na ce da sauƙi.

Ya ce a gama cikawa a rufe gobe-gobe, kada a bar shi ya sha iska, a kuma ja kwata a kewaye ramin saboda ruwan bazata. Kada a buɗe sai ya kwana arba'in. Ya ce sunan abin sailej. Na maimaita sau biyu, harshena ya ƙi riƙe shi.

Juma'a, bayan shan ruwa, ɗaya ga azumi

Mun rufe. Ganyen ayaba, sannan busasshiyar ciyawa, sannan laka da aka kwaɓa da kashin shanu. Ya yi tozo, dogo, ya kuma kalli gabas ba da nufin kowa ba. Da na ja baya na dube shi sai na gane abin da Tanimu ya gani.

Ban daɗe ina kallo ba.

Lahadi, da safe

Na duba. Babu tsaga.

Talata, da safe

Tsaga ɗaya, siririya kamar gashi. Na liƙe. Jirgin Jos ya wuce, babu saƙo.

Asabar, la'asar

Tanimu ya ji maganar kwana arba'in. Ya leƙo ta zaure ya ce, “Ashe har sadakar arba'in za a yi wa mamacin? A ajiye mini waina.”

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya sa takalmi ya tafi.

Litinin, hantsi

Rana ta buɗe wata tsaga a gefen yamma. Ina liƙewa Magdalene ta leƙo ta saman zana ta ja hanci.

“Kai! Mama Tasalla, rami naki ya fara wari irin na tukunya na.”

Wasa take yi. Amma akwai mai tallan ƙosai a bakin hanya.

Laraba, bayan la'asar

A wajen tafsiri wata ta janye tabarmarta daga tawa. Wata ta tambaye ni a hankali, cikin ladabi, wai gaskiya ne giya nake dafa wa shanu, kuma in sun sha yaya hukuncin nonon.

Na ce ban sani ba tukuna. Gaskiya ce, ban sani ba.

Da kabari ne kawai da ban damu ba. Wannan ta shige ni. Na sauke Alƙur'ani tun ina budurwa, ban taɓa sa wa bakina abin da nake shakka ba, balle in sa wa na mutane. In haram na rufe a ramin nan, da hannuna zan tone in zubar, ko da shanun za su tafi. Amma ba don wata ta janye tabarma ba.

Alhamis, azahar

Na kira Magdalene bakin zana na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah yadda hatsi ke zama abin da take sayarwa. Ta yi mamaki, shekara nawa ban taɓa tambaya ba.

Ta ce sai an jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a sake dafawa, a zuba mata na jiya, sannan ta tashi. “Naki fa? Ba tsiro, ba wuta, ba komai. Tsami kawai ya yi. In saniya ya bugu da wannan, ni zan rufe sana'a in zo in koya wurinki.”

Na ce ta daina cewa warin iri ɗaya ne. Ta ce, “Yi haƙuri, baki na ne ba ya da ƙofa.”

Alhamis ɗin dai, bayan shan ruwa

Ina dama koko, na buɗe ƙwaryar kamu, tsaminsa ya bugi hancina. Na tsaya da ludayi a hannu.

Gero ne aka jiƙa aka rufe ya kwana ya yi tsami. Da shi liman yake buɗa baki. Da shi wadda ta janye tabarma take buɗa baki.

Kamu ne. Kamun shanu. Daga yau sunansa ke nan a gidan nan, mai cewa kabari ya ce a waje.

Na sha kokon nan har ludayi uku.

Lahadi, da safe

Babu tsaga.

Talata, bayan azahar

Hadari ya taso daga wajen Kagoro ba zato, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk unguwa an fito ana hamdala, yara suna tsalle tsirara. Ni kuwa ina bayan gida da tsofaffin tabarmi ina rufe rami, ina cewa a raina ya isa, ya isa. A shekarar fari! Astagfirullah. Na yi istigfari har la'asar.

Kwatar ta janye yawanci. Amma kusurwar yamma ta lotsa kaɗan. Na ƙara laka. Abin da ya shiga ya riga ya shiga.

Asabar, magariba

Tanimu ya dawo daga Jos. Ya ce Malam yana gaishe ni.

Ban tambaye shi da wane baki ba.

Ya dawo da dambun naman da na aika, ƙullin bai kwance ba. Ya kawo agogon Malam, wai an ce gara a ajiye a gida. Na wana shi na rataye a ƙusa.

Lahadi, da safe

Na duba. Babu tsaga. Na sake dubawa.

Ranar Sallah, la'asar

Na yi tuwo na rarraba. Na kai wa Magdalene nata, ta ce miyar ba gishiri. Ta yi gaskiya, na manta.

Ruwan nan bai tsayar da komai ba. Garken arewa sun sauko sun share fadama har saiwa, abin da ya rage wuta ta ci. Harawar gyaɗa ta kusa ƙarewa. Ina haɗa musu da ɓawon rogo da dusa. Haƙarƙarin Fara ya fara ƙirguwa daga bakin ƙofa.

Alhamis, hantsi

Tanimu ya kawo dillalin. Wani dogo mai sanda, ko sallamar kirki bai yi ba ya wuce turke yana latsa bayan Guntuwa, yana buɗe bakin Fara.

Na fito da lulluɓina na zauna a kan igiyar Fara, daidai gindin turke.

Tanimu ya ce, “Yaya, tashi mana. Kada ki ba ni kunya gaban baƙo.”

Rabon da ya ce mini Yaya tun rasuwar mahaifiyarsu. Na ce, “Ban hana ka ba, Tanimu. Kwance. Sai dai ka haɗa da ni, ka ga ko za a samu taragon tsofaffi.”

Dillalin ya ce, “Hajiya, nan da wata ɗaya fata za ki sayar.”

Na ce ban je Makka ba tukuna, kuma ba da shi nake magana ba.

Ban ɗaga murya ba, Allah shaida. Na ce wa Tanimu saura kaɗan kamun ya cika kwanakinsa. A buɗe a gabansa. In ya lalace, ko shanu suka ƙi ci, ni da kaina zan miƙa igiya. Ya ce, “Kin faɗa.” Na ce na faɗa.

Suka fita suka bar ni a gindin turke. Fara ta yi ta lasar mayafina.

Asabar, da safe

Babu tsaga.

Litinin, da safe

Gara ta yi hanya a gefen arewa. Na kankare, na zuba toka.

Laraba, bayan azahar

Mun buɗe.

Tanimu ya zo, dillalin ya biyo shi ba a gayyace shi ba. Magdalene da Malam Andrawus suna nan. Na ce a fasa ta baki ɗaya kawai, ta gabas, kada a yaye duka.

Da aka ɗaga ganyen ayaba sai baƙi, da farin fumfuna kamar auduga, da wari. Tanimu ya toshe hanci da hula. Dillalin ya ce, “Allah ya jiƙan musulmi.” Wani a bakin hanya ya yi dariya.

Ban dubi kowa ba. Na durƙusa na yi ta kwashewa da hannu ina zubarwa gefe. Tafi ɗaya, tafi biyu. Wajen zurfin kamu ɗaya launin ya juya, ya koma ruwan zuma da ɗan kore-kore, a danne kamar an gina shi, ƙwayoyin masara suna nan fes. Ƙamshin kuwa, wanda ya taɓa buɗe ƙwaryar kamu da asuba ya san shi.

Malam Andrawus ya ɗiba ya shinshina, ya murza, har ya ɗanɗana. Ya ce, “Mama, ko a gonar gwamnati sai haka. Na saman nan dole ne, shi ne rabon iska.” Na ce masa ya duba kusurwar yamma, ruwa ya shiga. Tanimu ya dube ni, wai me ya sa na tona wa kaina. Aka sa sanda, ta fito da baƙin ruwa mai ɗoyi. Wannan ba za a ba dabba ba. Na ce a san da shi cikin lissafi.

Na cika kwando na kai turke.

Fara ta shinshina ta kau da kai. Guntuwa ta yi atishawa. Karsana ko matsowa ba ta yi ba.

Dillalin ya ce zai dawo ran Litinin da igiyoyinsa.

Alhamis, magariba

Ba su ci ba.

Juma'a, da safe

Ba su ci ba. Na kwashe na jiya na zubar, na ɗebo sabo, na mayar da rufi. Ba a barin bakinsa a buɗe ko na ɗan lokaci.

Na faɗa, kuma zan cika. Amma Litinin ba ta yi ba.

Asabar, hantsi

Na tuna yadda Malam yake yi musu in ya canza musu kiwo. Na hana su ɓawon rogo tun jiya. Na jiƙa kanwa na yayyafa, na barbaɗa 'yar dusa a sama, na ajiye na ba su baya kamar ban damu ba, ina shara inda babu datti.

Guntuwa ce, uwar kwaɗayi. Ta lashe dusar, harshenta ya haɗo da na ƙasa, ta tsaya tana tunani. Sai na ji gurus, gurus. Fara ta ga ana ci babu ita ta ture ta. Karsana ta zo ƙarshe.

Magdalene ta rangaɗa guɗa ta saman zana. “Ya ci! Saniya ya ci! Ubangiji mun gode! To mu gani ko zai yi rawa.”

Babu wadda ta yi rawa. Suka kwanta suna tuƙa kamar matan da suka dawo biki.

Asabar ɗin, la'asar

Tanimu ya shigo da sauri da jakarsa, an bugo waya tasha ana nemansa a Jos. Na ja shi turke ya ga kwando wayam. Hankalinsa ba ya nan.

Na ƙulle ɗan kamun a ganyen ayaba na sa masa a aljihu. Na ce ba na ci ba ne, ya kai masa kusa da hanci kawai. Zai gane.

Lahadi, da safe

Sun ci. Na rufe.

Litinin, azahar

Dillali ya zo. Na ce mai maganar ba ya nan. Ya ga shanu da baki cike, ya tsaya, ya tafi.

Jirgin Jos ya wuce.

Talata, bayan la'asar

Jirgin Jos ya iso. Tanimu ya yi sallama daga zaure, shi da liman. Bai taɓa yi mini sallama daga zaure ba.

Na cire 'yan kunnena.

Juma'a

Mutane.

Wadda ta janye tabarma ita ta kwana uku tana yi mana tuwo. Magdalene ce ke ba shanu, ta ce kada in ko tuna.

A can aka yi jana'izar. Ba zan ga wurin ba.

Laraba, da safe

Tanimu ya ce ya kai masa ƙullin. Ya ce hancinsa ya motsa, ya kuma matse masa yatsa. Tanimu ya taɓa kawo mini gaisuwar da ba a yi ba. Wannan ban bincika ba, ba kuwa zan bincika ba.

Yanzu ina takaba, ba na zuwa wajen rami. Ina zaune a tabarma jikin zana da carbi sai na ji motsi wajen rami, da tari irin na mutanen loko.

“Yaya, kina ji na?”

Na ce ina ji.

“Mutumin nan ya tare ni a tasha. Na ce masa ya nemi wasu. Ta ina ake ɗiba?”

Na ce ta gabas, daga sama zuwa ƙasa, a miƙe kamar ana yanka sabulu, kada ya rarake ciki. Kwando biyu. Ya bar kusurwar yamma. In ya ga fari ko baƙi ya zubar nesa da turke. Ya fara ba karsana, cikinta ya tsufa.

Na ji yana ta nishi. Can ya ce, “To na ɗiba. Sai in mayar da ganyen in rufe kaba…”

Bai ƙarasa ba. Na bar shi, ban taimake shi ba.

“In rufe kamun?”

Na ce, “Rufe. Ka danna gefe-gefe da kyau. Ka wanke ƙafarka kuwa?”